Goron da Baffa Bai Aiko Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har fuskokin wasu da muka yi makaranta tare sun ɓace mini, amma ranar da mahaifina ya taka da ƙafarsa ya kai bakin get ɗin gidanmu na Nassarawa, wannan kam ba na jin ko tsufa zai iya goge mini ita. Ni na shirya ranar, ni na sa aka soya waina dominta, kuma ni ce har yau in na tuna ta nake cizon yatsa.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda suka samu gida a GRA tun unguwar tana da itatuwa fiye da mutane. Bayan ya yi ritaya, in ka cire salla da karatun Alƙur'ani, abu biyu ya riƙe: rediyo da goro. Rediyon wata 'yar baƙa ce da ya ɗaure murfin batirinta da roba, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Da ita yake karyawa, da ita yake kishingiɗa bayan azahar. Labaran duniya, na gida, sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, duk sai ya ji, sannan ya kira Umma ya maimaita mata kamar ba a gabanta aka faɗa ba.

Wata safiya yana cikin alwala buta ta suɓuce masa. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sati uku muka yi a asibiti. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe, tunda ni ce babba, ya ce jinin Baba bai gama sauka ba, a raba shi da gishiri da goro, kuma a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali. Wannan maganar ta ƙarshe na ɗauka na riƙe da hannu biyu. A gidanmu an san ni da kafiya. Umma kan ce da namiji aka haife ni da soja na zama, kuma da ba a zauna lafiya a bariki ba.

Ina aure a Hotoro, ina koyarwa a wata sakandare, don haka kullum in an tashi daga makaranta sai in zarce Nassarawa, in kai magariba. Lokacin kuwa ba abin da ke fitowa daga rediyo sai abin baƙin ciki. Yau an tare hanya an kwashe matafiya, gobe kayan abinci sun ƙara tashi, jibi wani da Baba ya yi aiki da shi ya rasu. Na lura duk sanda ya ji irin wannan, sai hankalinsa ya tashi, yana son ya yi magana bakin ya ƙi. Rana ɗaya na ɗauke rediyon na jefa a jakata, na ce masa ta lalace an kai gyara. Na tara Umma da mai aiki da maigadi na kafa doka: daga yau ba mai shiga ɗakin Baba da mugun labari.

Yadda wasan albishir ya fara kuwa, ba ni na ƙirƙire shi da gangan ba. Wata rana mutumin da ke zuwa yi masa gashi da motsa jiki yana murza masa hannun dama, sai na ga babban ɗan yatsan ya motsa da kansa. Don murna na ce, “Baba, albishirinka.” Ya dube ni, ya yi ta kokawa da bakinsa, can sai ya ce, “Goro.” Ita ce kalma ta farko da ta fita sarai daga bakinsa tun ranar da ya faɗi. Umma da ke bakin ƙofa ta manta da shekarunta ta rangaɗa guɗa, har maigadi ya rugo yana tambayar ko lafiya.

Daga ranar abin ya zama al'adar gidan. Duk ɗan abin da Baba ya iya wanda jiya bai iya ba, sai wanda ya fara gani ya yi masa albishir. Ya riƙe cokali, albishir. Ya zauna ba a jingina shi da filo ba, albishir. Ya karanta Fatiha har ƙarshe ba tare da harshen ya sarƙe ba, albishir. Shi kuma sai ya miƙa hannun hagu cikin wani ɗan kwanon silba da ke gefen gadonsa ya ɗauko goro ya ba mutum. Tunda an hana shi ci, sai ya koma mai rabawa. Ni ba na cin goro, maigadi nake kai wa, har ya ce rashin lafiyar Alhaji ta sa haƙoransa sun yi ja. Ba zan ɓoye ba, abin nan ya riƙe mu. Waje ana ta jin abin da ke hana mutum barci, mu kuma a cikin gida muna murna don wani dattijo ya iya ɓalle maɓallin rigarsa.

Goron da ke cikin kwanon nan kuwa, Baffa ne ke kawowa. Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. A Giginyu yake zaune. Ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa, kuma tun ina yarinya na tashi na ga duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidanmu da ɗan ƙunshinsa a cikin ganye. Mutum ne mai barkwanci, shi kaɗai ke iya tsokanar Baba ya kwana lafiya. Da rashin lafiyar ta zo bai fasa Juma'a ko ɗaya ba. Zai zauna a bakin gado ya ce Yaya ya cika son jiki, ya samu mata suna ta lallashinsa shi ya sa ya ƙi tashi. Wata Juma'a ya nuna taga ya ce, “Yaya, ka ga get ɗin can? Ranar da ka taka ka kai shi, ni zan ɗauke ka a motata mu je Giginyu ka ci tuwon gidana.” Baba ya yi dariyarsa ta gefen baki ɗaya, ya ɗaga masa ɗan yatsa alamar sun ƙulla. Tun daga nan get ya zama abin da muke hari.

Wata Talata ina cikin aji aka kira ni a waya. Baffa ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin hantsi Allah ya karɓi abinsa. Za a yi jana'iza bayan azahar.

Ban san yadda na tuƙa mota na iso Nassarawa ba. Na samu Umma a kicin ta riga ta ji, tana kuka a hankali, tana shirin shiga ta faɗa wa Baba. Na tare ƙofa. Na ce mata likita ya ce kada a tayar masa da hankali, in jininsa ya sake hawa wa zai ɗauki alhakin? Umma ta ce, “Ɗan'uwansa ne fa. Ko a kujera ne a ɗauke shi a kai shi ya ga gawarsa. Haƙƙinsa ne.” Na ce gara ya rasa jana'iza da mu rasa shi. Na yi ta magana, na kawo wannan na kawo wancan, har ta gaji ta ƙyale ni. Na ɗauka na rinjaye ta da hujja. Yanzu na san gajiya kawai ta yi da ni, ga kuma tsoron kada abin da na faɗa ya tabbata a ce ita ta jawo.

Aka yi wa Baffa salla aka kai shi, yayansa na kwance a ɗaki ana koya masa ɗaga kofi. Umma ta yi kwana uku tana zuwa Giginyu zaman makoki, muka ce masa wata 'yar'uwarta ce ba lafiya. Masu zuwa yi wa Baba ta'aziyya kuwa, na ba maigadi umarni duk wanda ya zo a ce Alhaji na barci, za a faɗa masa. Maigadin dattijo ne daga wani ƙauye a Jigawa, ya shekara ashirin a gidan. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, wannan abu da nauyi.” Na ce ni zan ɗauki nauyin. Da a cikin gari muke, inda gida ke jingine da gida kuma kowa ke faɗowa da sallama, da ko awa ɗaya ba za a yi ba sai ya ji. Amma GRA ce. Katanga doguwa, get a rufe, ba mai shigowa sai ya yi hon an leƙa an gan shi. Unguwar da kanta ta taya ni ƙarya.

Juma'a ta zo. Tun da aka sauko daga masallaci idon Baba ke kan ƙofa. Na riga na yi tanadi: a hanya na tsaya wurin wani mai tebur na ce ya zaɓo mini goro mafi kyau. Ya zubo mini manya-manya, jajaye, suna sheƙi, ya ƙulle a leda. Ni a wurina goro goro ne. Na shiga da fara'ata na ce Baffa ya tafi ƙauye kan maganar gona, zai ɗan kwana biyu, amma ga goro ya aiko. Na juye a kwanon silba. Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a tafin hannunsa, ya kai hanci, ya mayar. Sannan ya dube ni, kallo mai tsawo. Na ce a raina gajiya ce, na gyara masa filo na fita.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara rufe mini ido. Daga wannan Juma'ar Baba ya tashi haiƙan. Mutumin da sai an lallashe shi kafin ya yarda a tsayar da shi, sai ga shi tun da safe yana nuna sandarsa mai ƙafa uku. Ya kai ƙofar ɗaki, ya kai falo, ya kai baranda. Mai yi masa gashi har cewa ya yi a rage, kada a wahalar da jikin, Baba ya girgiza kai. Ni kuwa sai kumbura nake yi, ina ce wa Umma ta gani ko, da mun faɗa masa da yanzu wani zancen ake. Kowane mataki na yi masa albishir, ya ce goro, ya miƙo mini jan goron nan. Na lura ya daina dariyar gefen bakin, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Ni ma a lokacin da waɗannan albishir ɗin nake rayuwa. Baffa shi ya yi mini walicci, ina son sa ƙwarai. Daga Hotoro zuwa Nassarawa kuka nake yi a mota, in na iso get in share fuska in shafa hoda, in shiga neman abin da zan yi murna da shi.

Wata Asabar ya kai gindin mangwaron da ke tsakiyar tsakar gida. Na ce to gobe sai get. Na sa aka jiƙa shinkafa, Lahadi aka soya waina mai yawa don a raba sadaka ga masu gadi da direbobin layin. Bayan la'asar Baba ya sa aka saka masa farar riga da hula, abin da bai yi ba tun dawowarsa daga asibiti. Ya fito, ina gefensa, Umma na baranda. Yana jan ƙafar dama, yana tsayawa ya huta, gumi na bin wuyansa. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu na da tsawo haka ba. Da ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen get ɗin, na ce da ƙarfi, “Baba, albishirinka!”

Bai ce goro ba. Ko kallona bai yi ba. Ya juya wurin maigadi ya ce, “Buɗe.”

Maigadi ya dube ni. Duk lissafina a cikin gida ya tsaya, ban taɓa kawo wa raina cewa wanda ya kai get zai so ya leƙa waje ba. Kafin in samo abin faɗa Baba ya sake cewa a buɗe, maigadi ya zare sakatar ƙaramar ƙofa. Baba ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya tsallaka, ya tsaya a bakin titi yana duban hagu da dama kamar mai jiran wani.

Ba a jima ba sai ga maƙwabcinmu, wani Alhaji tsohon ma'aikaci irin Baba, yana dawowa daga masallaci da carbinsa. Yana cikin waɗanda aka mayar daga get. Da ya hango Baba sai ya ɗaga ƙafa, ya zo ya kama hannunsa na hagu da hannu biyu. Ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi, ba laifinsa ko kaɗan. Ya ce, “Alhaji, sannu da jiki. Ya muka ji da haƙuri? Sau biyu ina zuwa ana ce mini kana barci. Allah ya jiƙan ƙaninka, ya sa ya huta.”

Na matso ina jiran Baba ya faɗi in tare shi. Bai faɗi ba. Ya ce amin, ya yi godiya, ya tsaya har maƙwabcin ya gama addu'arsa ya shige gidansa. Sannan ya juyo gare ni.

“Kwana nawa?”

Na ce ashirin da shida.

Ya gyaɗa kai. Maganar da ya yi bayan nan ta ɗauke shi lokaci, don kalma ɗaya-ɗaya take fita, wata sai ya maimaita. Da ma da faɗa ya yi ta da ta fi mini sauƙi. Ya ce, “Shekara arba'in, farin goro daushe yake kawo mini, a ganye. Bai taɓa kawo ja ba. Bai taɓa aikowa ba, da ƙafarsa yake zuwa. Tun ranar na sani. Na jira 'yata ta faɗa mini. Da na ga ba za ki faɗa ba, na ce bari in kai kaina inda zan ji.”

Sai a lokacin na gane. Duk matakan da nake ta yi wa shewa, ina cewa dabarata ce ta haifar da su, ashe hanyar fita yake nema daga ɗakin da na kulle shi. Na durƙusa a bakin titin nan, ina ba shi haƙuri, ina cewa likita ne ya ce. Ya ce, “Ana yi wa ɗan'uwana salla, ku kuna tafa mini na riƙe kofi.”

Ya ƙi komawa ciki. Ya sa maigadi ya shimfiɗa tabarmi a bakin get, aka kawo masa kujera, ya ce nan zai zauna kwana uku ya karɓi gaisuwar ɗan'uwansa. Na so in ce rana, na so in ce jininsa, Umma ta dube ni sau ɗaya na haɗiye. Wainar da aka soya don murna ita aka raba sadakar mamaci. Zaman makokin da ya zo bayan kusan wata guda ba ya tara mutane, kowa ya riga ya yi tasa gaisuwar ya koma harkarsa. 'Ya'yan Baffa sun zo daga Giginyu, sai tsofaffin abokai biyu-uku da Umma ta kira a waya. Sauran duk masu gadi ne da direbobi da masu ban ruwan fulawa na layin, su suka cika tabarmin, su zauna in an yi hon a gidan iyayen gidansu su tashi da gudu su dawo. Ina leƙe ta ƙaramar ƙofa, ina ganin mutumin da ya kamata a ce shi ne a sahun gaba ranar jana'iza yana zaune da mutum bakwai ko takwas a bakin titi. Ni na yi masa wannan.

A rana ta uku, bayan la'asar, wani malami cikin abokansa ya ja addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Tun da ya kwanta ciwo, da hannu ɗaya Baba ke shafa addu'a, na daman yana ajiye a cinya. Ranar sai na ga na daman ya ɗago, yana rawa, ya kai ƙirji, ya tsaya, ya ƙara ɗagowa har ya haɗu da ɗan'uwansa, ya shafa fuskarsa da duka biyun. Kalmar albishir ta zo mini har baki. Na rufe bakina da mayafi, don na san ba ni da sauran ikon faɗar ta.

Da aka naɗe tabarmi aka shigo da shi, ya aika a kira ni. Abu na farko da ya ce shi ne in dawo masa da rediyonsa. Na ciro ta daga jaka, inda ta yi wata da watanni, na ajiye a gefen gadon. Na juya zan fita sai na ji ya ce, “Albishirinki.”

Da ƙyar na iya cewa goro.

Ya ce, “Na shafa wa ɗan'uwana addu'a da hannu biyu.” Ya dubi kwanon silba, wanda Umma ta riga ta zubar da jajayen da ke ciki ta wanke. Ya ce, “Goron ne babu. Mai kawowa ya tafi.”

Baba ya ƙara shekara biyu a duniya. Jininsa bai hau ba ranar, bai hau ba bayanta. Ya ci gaba da jin rediyonsa, da duk abin baƙin cikin da ke cikinta, in an yi sanarwar rasuwar wanda ya sani ya yi masa addu'a, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce a zo a ga ko yau zai kai masallacin layi. Ya kai kuwa, kuma ranar mun yi murna ta gaske. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda ya yafe. Amma har ya koma ga Allah bai sake tambayata labarin kowa ba. In yana son ya san ko wane yana nan lafiya, ina zaune a gabansa zai sa a kira masa maigadi.

Har yau ina yin albishir a gidana. In duniya ta yi zafi nakan nemo ɗan abin da ya yi daidai a ranar, ko da ɗalibar da ta fi kowa wahalar da ni ce ta karanta layi ɗaya ba kuskure, in yi murna da shi, kuma yana taimaka mini. Abin da na koya a bakin get ɗin nan shi ne a fara faɗa wa mutum gaskiyar abin da ya same shi, a bar shi ya yi kukansa, sannan a tsaya kusa da shi a taya shi neman ɗan abin da zai riƙe. Ni na juya abin, na ba mahaifina murna na ƙwace masa makoki, kuma jana'izar ɗan'uwa sau ɗaya ake yin ta.